Ranar da Yaya Ta Zaɓi Kala

Shafi na 17

To ga ni, ku sarara min haka nan. Tun jiya wayata ke kuka kamar an taka wutsiyar mage. "Gwaggo Rediyo ina ci gaba?" "Gwaggo ko kin mutu ne?" Ban mutu ba, ke mai hoton fure. Da yatsa ɗaya nake rubutun nan, shi ma sanyin ƙashi ya kama shi.

Ku da kuka shigo yau, ga inda aka kwana.

Yaya maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu shekara talatin da ɗoriya. Ba mu haɗa uwa ba, ba mu haɗa uba ba, girma ne ya sa nake ce mata Yaya. 'Yarta ɗaya tal, ma'aikaciyar jinya ce, Nas muke ce mata. Kullum da safe kafin Nas ta wuce asibiti sai ta sauke mata jikarta, Takwara, 'yar shekara biyu da rabi. Tun da mai gidan Yaya ya rasu, in kun ji dariyarta ta tsallako katanga, to yarinyar nan ce ta iso.

Idon Yaya ya tafi. Ba duka ba, tana ganin haske, tana ganin mutum kamar a cikin hayaƙi. Wata takwas ke nan. Ni kaɗai ta faɗa wa, ta kuma sa ni na rantse. Ku da kuka san bakina, ku yi min tafi. Yanzu da maganar ta fashe da kanta, ai ta halatta.

Tsoron Yaya ɗaya ne. Ran da Nas ta sani, ran nan za a daina kawo Takwara.

Muna lallaɓawa lafiya lau, ni ce idon, ita ce kakar, sai Nas ta kalli tsohuwar wayar uwarta mai maɓallai, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ta ce abin kunya ne. Ta yar da ita. Ta sayo sabuwa, siririya, sumul, gaba gilashi baya gilashi, ruwan zuma, wai don ta riƙa kiran bidiyo tana ganin 'yarta daga wurin aiki. Waccan tsohuwar da yatsa Yaya ke karanta ta. Wannan kuwa duk inda ka shafa ɗaya ne. Waya tana kuka, Yaya tana shafa ta kamar mai lallashin jariri. In ina kusa ni ke ɗagawa. In ba na kusa, sai dai ta gaji ta yi shiru.

Da Nas ta matsa mata da tambaya, Yaya ta faɗi abin da ya fara zuwa bakinta. Wai kalar ce ba ta yi mata ba, shi ya sa ba ta son taɓa ta.

Nas kuwa ta yarda. Wa zai ƙi yarda? Ni nan akwai butar lantarki da na saya don kawai ja ce. Sau biyu ta tafasa ruwa ta mutu, har yau tana saman kabad ina goge ta.

To shekaranjiya da hantsi sai ga Nas, ranar hutunta ce, ta baro Takwara wurin babanta.

"Inna, ɗauko mayafi. Yau da kanki za ki zaɓi kalar da ranki yake so."

"Haba, ki zaɓo min kawai, duk wadda ta yi miki."

"Na zaɓa kin ce ba ta yi ba. Sati biyu ina kira kamar mai kiran dutse."

"To Rediyo ta je ta zaɓo."

"Gwaggo ja za ta ɗauko, na san ta. Inna, tashi."

Yaya ta ce gwiwarta tana taɓa ta, sai dai in zan bi su ta riƙa dafa ni. Gwiwar nan ita ce mafakarmu duk inda za mu. Takan kama hannuna kamar mai ciwon ƙafa, ni kuma ina ja mata hanya.

Nas ta fita juya mota. Na matso kusa.

"Yaya, saurara. Shuɗi kike so tun da na san ki, Nas ma ta sani. In ya jera su, ki bi su da hannu a hankali kamar mai tunani. Hannunki na zuwa kan shuɗiya zan yi tari."

"In tarin gaske ya zo miki fa?"

"In haɗiye abina."

"Ke? Me kika taɓa haɗiyewa?"

"Maganarki, wata takwas."

Ta yi 'yar dariya, ta laluba ta zaro mayafinta daga ƙusa. Ni da ita mun san shuɗiyar ma sumul ce kamar 'yar'uwarta. Amma wani sati biyun ne za a samu, kafin nan a nemo wata ƙaryar.

Shagon nan, jama'a, fitilu ne kamar ba a biyan wuta. Ƙasa tana ƙyalli, bango yana ƙyalli, ga iyakwandishan yana hura sanyi har cikin haƙora. Mai shagon kansa ƙyallin yake yi. Gemu an zana shi kamar da rula, turare ya riga shi gaisuwa, ga wani ɗan ƙyalle a hannu, ko kallon gilashi ka yi sai ya goge wurin.

Mun tarar yana sallamar wata budurwa. Ya miƙa mata waya, ya kuma miƙa mata wani ɗan madubi marar baki, tsawon tafin hannu. Ta kara wayar a kunne, ta kalli madubi, ta juya wuya dama, ta juya hagu, ta turo baki.

Na kasa haƙuri.

"Ɗan nan, waya ake sayarwa a nan ko ɗan kunne?"

Ya yi dariya. "Mama, duk ɗaya ne. Shekara tara ina bayan teburin nan. Mutum goma za su shigo, takwas ba za su tambayi abin da ke cikin waya ba. So suke su ga yadda ta zauna musu a hannu. Tun da na ajiye madubin nan ciniki ya ƙaru."

"Shi ya sa duk ka kifa su?"

"Bayanta ake saye, Mama. Gaban ai duk baƙin gilashi ne."

"Waɗannan idanun kamara uku da suka zazzaro fa?"

"Ɗaya ne mai aikin kirki, sauran 'yan rakiya ne. Amma kawo mai ido ɗaya, ko ta fi su ƙarfi, sai ta shekara a nan ba wanda ya ce mata sannu."

"In an saya kuma?"

"Sai a nemi baƙar riga ta roba a rufe kalar, kar ta fashe."

"Kamar wadda ta wuni wurin kitso ta dawo ta ɗaura ɗankwali."

Har Nas sai da ta yi dariya. Ta zaro wayar ruwan zumar ta ajiye, ta ce masa mahaifiyarta ba ta son kalar.

Bai ko yi mamaki ba. "Ai haka ne, Anti. In kala ba ta kwanta wa mutum ba, ko ɗaga kira ba ya son yi. Na sha gani."

Na ji Yaya ta sauke numfashi a kafaɗata.

Na ce bari in gwada sa'ata. "Ɗan nan, ba ka da irin ta da, mai maɓallai?"

Ya kalli hagu ya kalli dama, kamar na tambaye shi kayan sata.

"Akwai, Mama, a can ƙasa. Ba na jera su, ɓata min tebur suke yi."

"Gwaggo, don Allah," in ji Nas. "A ce uwata tana yawo da wannan sabulun wanki? Me mutane za su ce? A ce ina aiki na kasa saya mata abin arziki?"

Hannun Yaya ya matse damtsena, sannan ya saki.

Mai shago ya shimfiɗa wani baƙin ƙyalle mai laushi, ya jera wayoyi huɗu a kife, yana kiran sunansu kamar mai gabatar da 'ya'yansa. Ruwan toka. Ganyen shayi. Shuɗin asuba. Ruwan madara.

"Shuɗin asuba?" na ce. "Asubar ma yanzu a kwali take zuwa?"

Budurwar nan ta dawo masa da madubinsa, ya karɓa ya ajiye a ƙarshen layin bai ko duba ba. Ita kuma ta matsa gefe, dab da kunnena na hagu, tana gwada sabuwar wayarta da kiran ƙawa.

"Bismillah, Mama," in ji mai shago.

Yaya ta ɗora hannu. Ta shafa ta farko, ta ɗan karkata kai kamar mai nazari. Wallahi da kun gan ta sai ku rantse tana gani. Ta wuce zuwa ta biyu. Shuɗiyar ita ce ta uku. Na gyara maƙogwaro, na shirya.

Sai na ji budurwar nan tana cewa ƙasa-ƙasa, "Ke, a gaban kowa mai motar ya zo ya karɓe mukullinsa. Ashe duk wata shidan nan da saurayin yake zuwa wurinta, ta aro ce."

To ku faɗa min tsakani da Allah, wace ce a cikinku ba za ta karkata kunne ba?

Na karkata. Kaɗan kawai na yi niyya.

"Har agogon," in ji ta. "Har takalmin ƙafarsa. A silifas ɗin mai gadi ya koma gida."

Dariya ta taso min. Na danne ta, ta bi ta wata hanyar, ta haɗu da sanyin nan, sai ga tari ya ɓalle. Na gaske. Mai ƙarfi, har da hawaye.

Da na juyo, hannun Yaya ya wuce shuɗiya, ya wuce ruwan madara.

Ta ɗaga madubin.

"Wannan," ta ce. "Wannan ta yi min."

Ta riƙe shi da hannu biyu, ta kawo shi gaban fuskarta, tana murmushi.

"Kun ga shuɗi mai kwantar da rai. Ba irin waccan mai kama da man gyaɗa ba."

Nas ta fashe da dariya. "Inna ke nan! Yau kuma wasa kike ji?"

Na yi wuf na kama. "Kai, Yaya da zolaya! Ajiye masa kayansa, ɗauki ta kusa da..."

"Wace zolaya? Ita nake so. Ɗan nan, sa min ita a kwali."

Dariyar Nas ta tsaya a rabi. Na ga lokacin da ta tsaya. Ta kalli madubin, ta kalli uwarta, ta kalli yadda idon uwarta ke kallon gefen abin ba tsakiyarsa ba.

"Inna."

"Na'am."

"Mene ne a hannunki?"

"Waya mana."

"Wace kala?"

"Shuɗiya."

Na buɗe baki. Nas ta ɗaga min yatsa ɗaya ba tare da ta kalle ni ba. Na rufe.

"Inna, wace kalar riga ce a jikina?"

Budurwar ta kashe wayarta.

"Fara," in ji Yaya a hankali. "Ta aikinki."

Jar atamfa ce a jikin Nas. Ja wur.

Ta ajiye jakarta a ƙasa. Ta kama haɓar uwarta ta juya ta wajen fitila, ta ja fatar idon, ta kunna tocilan ɗin wayarta ta haska ɗaya, ta haska ɗaya.

"Innalillahi," ta ce. "Innalillahi."

Yaya ba ta hana ta ba. Ta tsaya kamar yarinyar da ake yi wa wanka. Abin yana hannunta har yanzu.

"Rediyo, me na ɗauka?"

Ni da ba na rasa magana, na rasa. Mai shagon ne ya amsa, ya sauke muryar tallan nan gaba ɗaya.

"Madubi ne, Mama. Ba laifinki ba ne. Ni ma in an ɗauke wuta ba na bambanta su."

Ta shafa shi da babban yatsa.

"Ashe fuskata nake yi wa murmushi." Ta juyo wajena. "Ta tsufa, Rediyo?"

"Ba ta kai tawa ba."

Ta laluba teburin ta ajiye shi a hankali, kar ya fashe wa mutum. Budurwar ta sulale ta fita, ko sallama babu. Allah ya yi mata albarka.

Mai shago ya durƙusa ƙarƙashin tebur. Muka ji yana ture kwalaye. Ya taso da wani ɗan kwali da ya sha ƙura, ya hure shi, ya fito da baƙar waya 'yar dunƙule, mummuna, ba abin da za ka kalla a jikinta. Ya cire layin da ke cikin ruwan zumar ya sa mata, ya danna batir, ya kunna. Bai tambayi kowa ba. Ya buɗe tafin Yaya ya ɗora.

Ku ga yatsan nan. Kamar wanda ya dawo gida daga doguwar tafiya. Ya zagaya sau ɗaya, ya sami ɗan ƙurjin nan da ke kan lamba biyar, ya tsaya a kai. Daga nan ya fara aiki. Tit, tit, tit, lamba goma sha ɗaya, ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba.

Wayar Nas ta fara kuka a hannunta.

"Ɗaga mana," in ji Yaya.

Nas ta ɗaga. Ga su nan tsaye, ko kamu biyu babu tsakaninsu, kowacce da waya a kunne.

"Kin gani?" in ji Yaya cikin wayar. "Zan iya kiranki. In wani abu ya sami Takwara, kafin ki ƙifta ido na kira ki. Kar ki raba ni da ita, kin ji? Kar ki raba ni da ita."

Hawaye yana ɗiga kan jar atamfa.

"Mu je mota, Inna," in ji Nas, ita ma a cikin wayar.

A mota ba ta kunna inji ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana kallon gaba.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas," na ce daga baya.

"Ba ke na tambaya ba, Gwaggo. Naki yana zuwa."

Na tsuke bakina.

"Kamar yanar gizo-gizo ya fara," in ji Yaya. "Na yi ta wanke fuska. Daga baya na daina wankewa."

"Me ya hana ki faɗa min? A asibiti nake aiki, Inna! Ɗakin ido yana bayan namu, taku ashirin!"

"Uwata an kai ta an taɓa mata idon. Ta tafi tana ganin inuwa, ta dawo ba ta ganin komai."

"Wancan zamanin daban!"

"Kuma na san ki. Tun kina ƙarama ke 'yar ƙa'ida ce. Kina sani za ki ɗauke ta."

Nas ba ta musa ba.

"Wa ke ba ta magani in tana zazzaɓi? Wa ke kunna wuta ya ɗumama mata madara?"

"Ni," na ce. "Kina juya mota nake shigowa."

"Kullum?"

"Kullum ta Allah."

"Ranar da kika tafi wurin haihuwar jikarki fa? Kwana biyu kika yi. Na ga hotunan, ke kika ɗora su da hannunki."

Kun ga wayar nan da nake yi muku rubutu da ita? Ran nan na so in jefa ta kwata.

Yaya ce ta amsa.

"Na kulle ƙofa. Na kwashe duk abin da zai yanka ko ya ƙona na sa a saman kabad tun da asuba. Na ɗaura mata ɗankwalina a ƙugu, ɗaya bakin na ɗaure a wuyan hannuna. A kan tabarma muka wuni. Na yi mata waƙa har muryata ta dishe. Ko tuntuɓe ba ta yi ba."

Nas ta kifa kanta a kan sitiyari.

"Kin ɗaure min 'ya kamar akuya."

"A hannuna na ɗaure ta, ba a turke ba."

"In da wuta ta tashi fa? In da ta haɗiyi wani abu? Ta yaya za ki gani, Inna? Ta yaya?"

Gaskiya, masu cewa Nas ta cika zafi, ku ajiye yatsunku. 'Yarta ce. In da taku ce, da abin da za ku yi ya fi haka.

Nas ta ɗago, ta share fuska da bakin mayafi.

"Awa guda na yi a shagon nan ina zaɓar miki kala. Ina karawa a kunne, ina duba madubin nan. Ban yi minti ɗaya ina kallon idonki ba."

"Ba laifinki ba ne. Na iya ɓoyo."

"Kun iya," ta ce, tana harara ta a madubin mota.

Ta kunna inji. Muka isa gida. A ƙofa Yaya ta riƙe murfin motar ba ta saki ba.

"Gobe fa?"

"Sai da safe, Inna."

Jiya tun ƙarfe shida da rabi na shiga. Na tarar ta yi wanka, ta shimfiɗa tabarma, ta jera 'yar tsana da kofin roba da ƙwallon nan mai ƙararrawa. Baƙar wayar tana cinyarta, yatsanta a kan biyar.

"Ba ta kira ba," ta ce.

"Da ma ba ta kira in za ta zo."

"Haka ne."

Bakwai ta yi. Bakwai da kwata. Na yi ta zuba mata labarin mai silifas ɗin mai gadi, har da ƙari na daga kaina, ko murmushi ba ta yi ba.

Sai ta ɗaga kai. Ta riga ni jin motar.

Ta miƙe, ta bi bango ta isa ƙofa, ba ta nemi hannuna ba. Motar ta tsaya.

"Ba ta kashe inji ba," in ji Yaya.

Murfi ɗaya ya buɗe. Muka jira na biyu. Bai buɗe ba.

Duk da haka ta sunkuya ta ware hannuwa, ƙasa-ƙasa, daidai tsawon 'yar shekara biyu da rabi, kamar yadda take yi kowace safiya.

Nas ta shigo ita kaɗai cikin farar rigarta. Ta ga uwarta a haka. Ta tsaya. Sai ta durƙusa a ƙasa, farar riga da komai, ta shiga cikin hannuwan.

Yaya ta shafa kanta, ta shafa kunnuwanta.

"Wannan ai babbar ce."

"Ita ce, Inna."

"Ina ƙaramar?"

"Tana mota."

"To sauko min da ita mana."

Nas ta miƙe. Idonta ya kumbura, da gani ba ta yi barci ba.

"Na karɓo miki katin ganin likitan ido, sati mai zuwa. Har ya duba ki ya faɗi abin da ya gani, ba zan sa Takwara a hannunki ba, Inna. Ba zan iya ba." Ta juyo gare ni. "Gwaggo, ke kika iya riƙon amana, to ga wata. A hannunki zan sa ta. Ke za ki ɗauka, ke za ki ajiye, ke zan kira. Ku zauna a nan ɗin, Inna ta ji ɗuminta, amma ko banɗaki za ki shiga da ita za ki shiga. In ba za ki iya ba ki faɗa min yanzu, akwai gidan raino kusa da asibiti, na cike takardarsu tana jakata."

Na kalli Yaya. Har yanzu a sunkuye take, hannuwa a ware.

A hankali ta miƙe. Ta sauke su, ta goge su a zani kamar sun jiƙe.

"A gidana," ta ce. "A kan tabarmata. In zauna kamar baƙuwa ana ba ni aron jikata."

"Inna, ba haka nake nufi..."

"Rediyo, me kike jira? Je ki ɗauko ta, kar su kai ta wurin bare."

Na yi taku biyu.

"Amma ɗakinki za ki kai ta. Kar ki shigo min da ita nan."

Ta juya, ta laluba, ta shiga, ta turo ƙofa. Muka ji sakata.

Daga mota Takwara tana dukan gilashi da tafin hannu.

"Inna! Inna! Na zo!"